Saniya a Talabijin ɗin Baba

Assalamu alaikum, jama'ar da ke bibiyata. Ku gyara zama, don abin da zan ba ku yau ni kaina in na tuna shi sai na ja mayafi na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Wanda bai san ni ba, sunana Lubabatu Attahiru, a gida Luba. Ina da ɗan shagon kwamfuta a bakin kasuwar Illela, ina buga takardu, ina gyara wa 'yan makaranta aikinsu. Ni ce babba a 'yan matan da suka rage a gidanmu, bayana akwai Shahida da Iklima, kuma duk sun isa aure. Kullum Inna sai ta ce na tsaya musu a hanya kamar tirelar da ta lalace a bakin boda.

Ba manemi na rasa ba, kada ku yi min wannan kallon. Ina da shi. Sunansa Maharazu, Bafulatanin ƙauyen Lafani, ma'aikacin lafiyar dabbobi. Dogo ne, mai tsafta, ba ya shan ko goro. Aibinsa ɗaya tak, ba ya magana.

In na ce ba ya magana, ba kurma nake nufi ba. Murya biyu Allah ya ba shi. Akwai ta mutane, wadda sai ka kai kunnenka kusa da aljihun rigarsa kafin ka ji. Akwai kuma ta shanu. Ita sau ɗaya na taɓa jin ta, wata Lahadi a kara, wato kasuwar dabbobi, lokacin da wani bijimi ya ɓalle ya nufi masu fura. Maharazu ya buɗe baki ya yi masa tsawa daga wancan ƙarshen kasuwa, bijimin ya tsaya cak, ni ma na tsaya, wani mai babur ma ya taka burki. Tsakanin waɗannan muryoyi biyu babu komai.

A shago muka haɗu. Ya shigo da filashi a hannu, ya yi sallama da leɓe, ya ce, “Silayid.” Da ƙyar na gane cewa rahoton allurar shanu ya rubuta a Word, ana so ya gabatar a taron makiyaya. To akwai wani shafi a intanet da nake aiki da shi. Za ka ɗora masa rubutunka, shi kuma ya yanka shi allo-allo, ya ba ka linki. Duk wanda ya buɗe linkin zai gani, a waya ko a kwamfuta, ba sai an yi ta tura fayil ba. Sharaɗinsa dai ɗaya ne, duk inda ka sa babban take, nan sabon allo zai fara, abin da ke ƙarƙashin taken kuma shi ne cikin allon. Shi kuwa bawan Allah ya zubo rubutu tun daga bisimilla har tammat babu take ko ɗaya. Ina ɗorawa, shafin ya tattara rahoton gaba ɗaya ya cusa a allo guda, haruffa suka koma kamar tururuwa.

Na ce, “Malam, wa za shi karanta wanga? Aljanu?”

Ya sunkuyar da kai. Dole na zauna na karanta rahoton don in san inda zan sa take, kuma a nan na shiga uku. Mutumin da bakinsa ba ya buɗuwa, ashe hannunsa surutu gare shi. Rahoton ciwon huhun shanu ne fa, amma na karanta shi har ƙarshe, na koma farko. Na koya masa yadda ake sa take, ya tafi taronsa. Daga baya aka ba ni labari cewa ya juya wa mutane ƙeya, ya kafa wa allon ido, ya karanta komai tiryan-tiryan har aka tafa masa.

Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Ga irin saƙonsa:

“Malama mai shago, barka da hantsi. Yau a Garu wata maraƙa ta bi ni har bakin babur, na kore ta ta ƙi komawa. Sai na tuna da ke, don ke ma ba a juya ki.”

Ku ji fa. Amma in ya zo zance ƙofar gida, ya zauna a bakin tabarma ni ina ɗaya bakin, sai shiru. Can sai in ji wayata ta yi ƙara a cinya. In duba, shi ne: “Atamfar nan ta karɓe ki.” In ɗago in harare shi, ya kau da kai yana kallon katanga. Kuma duk tsawon zamanmu bai taɓa kiran sunana ba, ko a baki ko a rubuce. Malama mai shago, shi ke nan. Na yi fushi, na yi gori, ya ce a wurinsu sunan wadda ake so nauyi gare shi.

Yanzu ku zo ga Baba. Alhaji Attahiru ɗan kasuwa ne tun kafin a haife ni, tsakanin Illela da Konni ta Nijar babu kayan da bai taɓa ɗauka ba. Da baki ya gina gidan nan, kuma da baki yake auna mutum. Yana da doka wadda duk mazan yayyena sun bi ta. Kafin manya su kawo ko ƙwayar goro, sai mai nema ya zo da kansa ya zauna a gabansa ya faɗi abin da ya kawo shi.

“Ni ban ba da ɗiyata ga mutumen da ban ji muryatai ba,” in ji Baba. “In ciwo yak kama ta cikin daji, da mi za shi kiran mutane? Da ido?”

Maharazu ya zo, tare da ƙanin mahaifinsa, Kawu Boyi. Baba ya ce, “To yaro, mi ka tahe da kai?” Maharazu ya kafa wa kafet ido. Kawu Boyi ya yi gyaran murya ya ce a al'adarsu yaro ba ya ɗaga murya a gaban suruki. Baba ya ce, “Ai ban zama surukinai ba tukuna, shi yi magana.” Aka yi ta zama, shayi ya huce. Daga ƙarshe Maharazu ya ce, “Mun gode,” ya tashi ya fita da takalmi ƙafa ɗaya nasa, ƙafa ɗaya na Baba.

Da yamma Baba ya kira ni, yana riƙe da takalmin da aka bar masa.

“Luba, sau guda ya rage mai. In yas sake zuwa yay yi mini zaman gunki, kak ki ƙara kawo mini zancenai. Kuma shi maido mini takalmina.”

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Ina son Maharazu, ba zan ɓoye muku ba. Ina son shi da shirunsa da komai, kuma na san in Baba ya rufe magana ta rufu. Ina cikin share hanci ne taron makiyayan nan ya faɗo min a rai. Mutumin nan fa yana iya karatu da murya, muddin allo yake kallo ba mutum ba. Kuma Baba yana da ƙatuwar talabijin a falonsa, sabuwa, wadda ko ƙura ba ya bari ta hau.

Na garzaya wurin Goggo Tasalla, yayar Baba, ita kaɗai ce a duniya take ce masa Attahiru gatsau. Na zayyana mata. Ta tauna goro, ta kalle ni.

“Wato yaron za shi karatu, ke kina juya mai allo?”

“Eh, Goggo. Daga ɗakin Inna. Shahin yana da wurin da in nit taɓa wayata, allon talabijin shi canza.”

“Kuma ubanki ba shi sani ba?”

“Sai in ke kinka hwaɗa mai.”

Ta tofar da goro ta ce, “Ni mi ya kai ni? Bar ni da shi.” Washegari ta same shi tana cewa, “Attahiru, yaron ga ɗan boko na, haka nan su ka magana, da allo. Ko gwamna ya zo, allo a ka kunna mai.” Baba da ya ji za a yi abu a talabijin ɗinsa sai ya sauko. Har waya ya buga wa ƙaninsa Baffa Abdulaziz da ke Konni, ya ce ya tsallako ya sha kallo.

Muka shiga aiki. Maharazu ya rubuta, ni na gyara take: Gaisuwa. Asalina. Aikina. Inda za mu zauna. Na zaɓi launi mai ruwan ƙasa, na ƙara girman haruffa yadda ko Kawu Boyi zai hango. Take na ƙarshe na sa masa “Abin da ya kawo ni”, na bar ƙarƙashinsa fili. Na haɗa rubutun da allon yadda duk abin da ya ƙara daga wayarsa zai fito da kansa, sannan na tura masa saƙo:

“Na ƙarshen nan kai za ka cika. Kuma dole ka sa sunana.”

“Malama mai shago, a gaban mahaifinki? Hannuna ba zai iya rubuta shi ba.”

“To me za ka sa?”

“Zan sa abin da ya fi suna.”

Jama'a, ku faɗa min gaskiya, wace mace ce za ta karanta wannan ba ta narke ba? Na rungume waya ina murmushi ni kaɗai. Na ɗauka wasu kalamai zai tsara waɗanda za su sa Baba hawaye. Linkin yana hannuna, da na so da na leƙa. Sai na ce a'a, bari in ji shi tare da kowa, ya fi daɗi. Ni da nake yi wa 'yan makaranta faɗa kullum cewa kada su gabatar da abin da ba su duba ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka sa. Tun da hantsi na haɗa kwamfutata da talabijin, na buɗe linkin, na ɓoye ta bayan labule. Na yi wanka na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na ɗaura kallabi, na zuba turare har Shahida ta yi atishawa. Iklima ta ce, “Yaya, wa za shi ganinki? Bango?” Na ce ta fita min daga ido. Ɗakin Inna bango ɗaya ne da falon Baba, kuma can sama akwai 'yar taga ta shan iska, duk abin da aka faɗa a falo yana faɗowa ta nan. Na zauna a bakin gado da waya a hannu, Inna tana gefe tana tsince shinkafa kamar ba ta san komai ba. Goggo Tasalla ta kafa kujera a bakin ƙofar falo, inda za ta ga ciki, ni kuma in hango ta. Mun yi da ita in ya gama allo za ta taɓa kunne, ni kuma in danna.

Suka iso. Daga baya Goggo ta ce min ya sa farar shadda da hula zanna, yana rungume da takalmin Baba a leda. Aka gaisa, aka mayar da takalmi, Baffa Abdulaziz ya yi dariya har da tari. Sai Baba ya ce, “To, bisimilla. A kunna muna.”

Na danna. Shiru. Can sai na ji wata 'yar murya siririya ta taso.

“Assalamu alaikum, iyayena. Sunana Maharazu, ɗan Jabiru, jikan Arɗon Lahwani…”

“Ɗaga murya, yaro,” in ji Baba.

Ya ɗan ɗaga. Wallahi ya ɗaga! Goggo ta taɓa kunne, na danna. Ya karanta asalinsa, Kawu Boyi yana cewa “Haka na, haka na.” Ya karanta aikinsa, da rugagen da yake zagayawa daga Amarawa har Garu. Na ji Baffa yana cewa, “Kai, wanga abu awa silima.” Ya karanta inda za mu zauna, ɗaki biyu da ya gina a cikin gari kusa da shagona, don kada in bar sana'ata. Wannan ban san da shi ba, sai da na dafe ƙirji. Baba ya ce, “Madalla.” Baba fa! Na kalli Inna, ta ci gaba da tsintar shinkafa amma bakinta ya ƙi rufuwa.

Goggo ta taɓa kunne. Na yi bisimilla na danna na ƙarshe, na kalli wayata don in karanta tare da shi.

Saniya.

Jar saniya, mai dogayen ƙahoni, ta cika allon tun daga sama har ƙasa, ta juyo tana kallon mai hoto da ciyawa a gefen baki. A saman kanta, da manyan haruffan da ni da hannuna na ƙara wa girma, an rubuta ABIN DA YA KAWO NI. Babu kalma ko ɗaya a ƙasa.

Na ce, “Innalillahi.” Na danna baya. Bai motsa ba. Na danna gaba, na danna ko'ina. Sai ga saƙo ya shigo da Faransanci, wai ana yi min barka da zuwa Nijar. Ku da ba 'yan Illela ba ba za ku gane ba. A garin nan kana zaune a ɗakin uwarka wayarka za ta tsallaka boda ba ta yi sallama ba, sabis ɗin can ya fizge ta, datarka ta mutu. Kuma ba ta tashi yi min haka ba sai yau.

Na miƙe na ɗaga waya sama. Na nufi ƙofa, na dawo, na juya ta kudu wajen Sakkwato ina roƙonta. Inna ta ce, “Ke, mi ya same ki?”

“Inna, wayata ta tahi Konni!”

“To ki bi ta mana.”

Na haye kan gadon Inna da ƙafafuna, na miƙa hannu kusa da 'yar tagar nan, ko Allah zai sa sabis ya dawo. Daga nan kuwa har ina hango rabin falon. Ga saniya ta cika bango. Ga ƙeyar Maharazu, gumi ya jiƙa wuyan shaddarsa.

Baffa Abdulaziz ne ya fara magana. “Yaya, ɗiyakka ta wagga? Ban san ta yi ƙaho ba.”

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya cire tabarau ya ajiye, kuma duk wanda ya san Baba ya san ma'anar wannan.

“Yaro, gidana kaz zo ko kara? In kara ka ka nema, sai Lahadi ta ka ci.”

Shi ke nan, na ce a raina, na kashe aurena da hannuna, da linki. Haushi ya kama ni, kunya ta kama ni, na rantse in na fita sai na shaƙe shi. Ni ce saniya? Duk atamfar nan da turaren nan?

Sai Kawu Boyi ya miƙe tsaye, sandarsa ta faɗi. Ya matsa kusa da talabijin yana nuna ta da yatsa.

“Wagga ai Woɗe ta! Maharazu, Woɗe za ka badawa? Ubanka ya sani?”

Maharazu ya gyaɗa kai. Baba ya kalli Kawu Boyi, ya kalli allon, ya mayar da tabarau. Na san wannan kallon, shi yake yi wa kaya in sun shiga ransa. Ya tashi ya je gaban talabijin, ya duba ƙirjin saniyar, ya duba ƙafafu, har da leƙa gefe kamar zai ga bayanta.

“Saniya dai ta kai saniya,” ya ce. “Tunda ita tak kawo ka, mu yi ciniki. Nawa?”

Shiru. Baba ya taya. Shiru. Ya ƙara. Baffa ya ce shi zai biya da sefa, kuɗin Nijar, a yau, kafin magariba. Baba ya ce kada ya shiga masa ciniki, ya sake ƙarawa. Sai na ji wata murya da ban taɓa ji ba, ba ta aljihu ba, ba ta kara ba, murya irin ta mutane.

“Alhaji, ba ta saidawa ba ta.”

“Komi na saidawa na, yaro. Hwaɗi kuɗinta.”

“Ko kasuwar Illela duka kab ba ni, ban saida ta.”

Ya juyo. Ya bar kallon allo, ya kalli Baba ido cikin ido. Na kusa faɗowa daga kan gado.

“Ran sunana kakana yab ba ni kakatta. Duk abin da nim mallaka daga cikinta yah hito. Shekarar da ciwon huhu yas shiga garkenmu, uwar Woɗe tam mutu tab bar ta tana jinjira. Ni niɗ ɗauke ta bisa kahwaɗa daga mashaya har ruga. Ni nib ba ta nono da kwalba, tare mu ka kwana. Don ita nit tahi makarantar dabbobi, don kar in sake tsayawa ina kallo. An taya ta Konni, an taya ta nan, wani Alhaji har mota yab bi ni da ita. Ban da abin da yah hi ta.”

Ba wanda ya motsa.

“An ce in sa abin da yak kawo ni. Ban iya sa hoton ɗiyakka gabanka, Alhaji, kunya ba ta bari na. Shi ya sa nis sa abin da zan ba ta. Woɗe ta sadakinta. In kun hana ni, ita ma ban san mi zan yi da ita ba.”

Jama'a, ina tsaye a kan gado, hannu ɗaya a sama da matacciyar waya, hawaye yana wanke min hoda. Duk haushin nan ya bi iska. Ni da na rantse zan shaƙe shi, sai ga ni ina jin ko saniyar ce ni na yarda. Na waiga na ga Inna ta ajiye faifan shinkafa tana goge ido da bakin zane.

Baba ya koma ya zauna. Ya dubi ƙaninsa.

“Abdulaziz, ka ji? Sau nawa nit taya, bai motsa ba. Mutumen da yas san abin da ba shi saidawa, ana iya ba shi ajiya.” Ya juya ga Maharazu. “Na ji muryakka. Saura abu guda. Ɗiya ukku gare ni cikin gidan ga da sunka isa aure. Allonka bai hwaɗi ko wace ba, saniyakka ma ba ta hwaɗi ba. Ni kuwa ban ba da ɗiya da nuni. Wace ta? Hwaɗi sunanta.”

Wayyo Allah. Baba ya san sarai, neman magana ne kawai irin nasa, amma na san kuma ba zai janye ba. Maharazu ya sake sunkuyar da kai. Kawu Boyi ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu. Goggo ta yi tari, ta sake yin tari, har ta koma tarin gaske. Na girgiza wayar nan kamar zan karya ta, da sabis ya dawo da na rubuta masa sunan a allo da haruffa ja. Tana Konni abinta. Na manna bakina a jikin tagar ina cewa a zuci, faɗi mana, harafi nawa ne, faɗi!

Na ga kafaɗunsa sun ɗaga. Ya ja numfashi mai tsawo, irin wanda na taɓa gani sau ɗaya, ranar bijimin nan. Kafin in gama tunawa ya saki.

“LUBABATU!”

Tattabarun Baba suka watse daga kan rufi. Kofin shayin Baffa ya kife. Ni kuwa, da bakina a jikin taga, ban san lokacin da ya fita ba.

“NA'AM!”

Ku sani, a gidanmu in an zo tambayar yarinya ko tana so, Goggo ce take shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta tambaye ta a hankali, ita kuma ta rufe fuska ta yi shiru, shirun nan shi ne amsa. Haka aka yi wa Inna, haka aka yi wa yayyena. Ni tawa amsar har masu shago a bakin titi sun ji ta.

Mutanen falo duk suka ɗaga kai suka kalli tagar, suka ga idanuna biyu da gefen kallabi. Inna ta ɗaka min duka a ƙafa tana cewa, “Sabko, mara kunya, kin kashe ni!” Baffa Abdulaziz ya fashe da dariya har ya zame daga kujera, Kawu Boyi ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa.

Baba bai yi dariya ba, amma na ji ta a muryarsa.

“To, Boyi. Na ji nashi, kun ji nata, unguwa ma ta ji. Ku turo manya.” Ya waiga wajen ƙofa. “Tasalla, ce ma mai na'am ta sabko bisa gadon uwatta. Tunda ita ka tuƙa allon ga, ta shigo ta cire mini saniyag ga da hannunta, lokacin labarai ya yi.”

Wato tun farko ya sani. Kuma yanzu sai in shiga falon nan, gaban Baba da Baffa da Kawu Boyi da shi, bayan abin da bakina ya aikata. Na sauko. Na ja mayafin Inna na lulluɓe har hanci. Goggo ta kama hannuna tana ja, tana cewa, “Taho, ai kunyar ta riga ta ƙare.”

Muna isa bakin ƙofar falo wayata ta yi ƙara. Ta dawo Najeriya, munafuka, yanzu da ba a bukatarta. Na duba ta ƙarƙashin mayafi. Saƙo ne daga mutumin da ke zaune bayan labulen ƙofar nan:

“Lubabatu. Ashe ba wuya. In ƙara?”

Na ɗaga labulen.